Asabar da Lahadi kafin damina: ɗaki mai rima da akwatin tsofaffin kaset, da wanne za a fara?

Ɗan Autan Gida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masu sana'a. Ɗaki ne na bulo, ƙafa 12 a kan 12, rufin kwano da silin. A bangon gabas fenti ya kumbura daga ƙasa zuwa wajen gwiwa, filasta tana marmashewa, ga wani farin abu yana fitowa. A kusurwa ɗaya silin ya yi tabo. Cikin ɗakin akwai akwati cike da kaset na kiɗan gargajiya, wasu na kasuwa, wasu an ɗauko su daga rediyo ko wurin biki, kuma wasu sun fara fumfuna. Asabar da Lahadi kaɗai ake da su, hadari kuwa ya fara haɗowa. Da me za a fara?

Baba Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya yi maka maganar siminti, fitar da akwatin nan daga ɗakin yau ɗin nan, kada ka jira Asabar. Bango ana sake gina shi, kaset ɗin biki kuwa wataƙila shi kaɗai ne a duniya. Ka kai shi ɗaki busasshe, ka ɗora a kan kanta ko saman kabad, ba a ƙasa ba. Kada ka shanya su a rana, zafi yana lanƙwasa gidan kaset yana naɗe gefen zaren. Kada ka ajiye su a kan lasifika ko kusa da ita, maganaɗisun da ke cikinta yana rage sauti. Abu mafi muhimmanci: kada ka sa ko ɗaya a rakoda tukuna don marmari.

Kawu Birkila:
Baba ya yi gaskiya. Yanzu mu zo ga ɗakin. Ciwo biyu ne ba ɗaya ba. Tabon silin daga sama yake, yoyon kwano ne. Kumburin fenti daga ƙasa yake, rima ce. Farin abin nan gishirin ƙasa ne, ruwa ke ɗauko shi ya hau da shi cikin bulo, in ruwan ya bushe a fuskar bango sai gishirin ya zauna ya tura filasta waje. Shi ya sa ba ka cika ganin irin wannan ya wuce mita ɗaya ba.

A fara da sama. Ranar Asabar ana idar da sallar asuba, gari na wayewa, a hau. Ƙarfe goma ta yi kwano ba ya taɓuwa. A taka kan layin kusa kawai, don nan ne katako yake a ƙasa, tsakiya lotsawa yake yi. A duba wayar wuta da ta ratsa saman gida kafin a kafa tsani, kuma a samu mai riƙe tsanin.

Yawancin yoyo ba daga huji a tsakiyar kwano yake ba, daga bakin kusa yake. Zafin rana da sanyin dare suna buɗe kwano suna tsuke shi, kusa ta yi ta ɗagowa, robar da ke ƙarƙashin hularta ta ƙone ta tsage. Mutane sai su sake buga tsohuwar kusar, bayan ruwa biyu ta sake ɗagowa, don ramin da ke cikin katako ya riga ya buɗe. A cire ta, a sa noti mai roba wanda ya fi ta kauri, a kan tudun kwanon ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Kada a matse har robar ta fashe.

Malam Kafinta:
Ƙari a kan na Kawu. Inda tabo ya bayyana a silin ba lallai nan ne ruwa ke shiga ba. Ruwa yana bin katako ya gangara ya ɗiga a wani wurin. In silin yana da ƙofar shiga, a leƙa da rana tsaka, duk inda haske ke shigowa a zura tsinke don a gane wurin daga sama. In babu, mutum ɗaya ya zuba ruwa da buta daga ƙasan rufi yana yin sama a hankali, ɗaya yana kallo a ciki.

Ƙaramin huji, tef ɗin kwalta mai bayan alminiyam ya ishe shi, amma sai an kankare tsatsa da burushin ƙarfe, an share ƙura, an liƙa ya zarce hujin da kamar inci biyu ta kowane gefe, an danna sosai. In aka liƙa a kan ƙura rana ɗaya zai saki. A duba tankwasar kan rufi da inda kwano ya shiga bango, a nan iska ke tura ruwa. Kuma a ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas da rufin gabas su ne ke fara gajiya.

Gargaɗi ɗaya. In silin ɗin tsohon asbesto ne, kada a goge shi da samfefa, kada a fasa shi a bushe. Ƙurarsa tana illa ga huhu. A jiƙa shi, a cire allon ɗungurungum, a rufe hanci.

Hajiya Inna:
'Ya'yana, ku tuna masa da sayayya. In a Kano yake kuma Asabar ɗin ƙarshen wata ce, akwai tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. Ya je Ƙofar Ruwa tun ranar Juma'a ya haɗa kayansa. Kuma a kwashe katifa da labule da ledar ɗaki a fitar tun da dare, ƙasan leda nan ne rima ke ɓuya. In an ɗaga aka ji wari aka ga baƙi-baƙi, a wanke daɓen da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, taga a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki.

Ɗan Autan Gida:
Na gode Hajiya, na gode Kawu. To bangon fa, in an gama rufi da safe, ba za a iya kankarewa a yi filasta ranar Asabar a yi fenti ranar Lahadi ba?

Malam Mai Fenti:
A'a ƙanena, wannan shi ne asarar kuɗin da aka fi yi. Sabuwar filasta tana ɗauke da ruwa da kaifin siminti, in ka rufe ta da fenti washegari zai yi dabbare-dabbare ya ɓare. Tana buƙatar sati uku zuwa huɗu. Fenti ba aikin wannan makon ba ne sam.

In lokacinsa ya yi, ga lissafi. Ɗaki 12 a kan 12 mai tsayin ƙafa 10, bangonsa huɗu sun kai murabba'in mita 40 in an cire ƙofa da taga. Shafa biyu, 80 ke nan. Fentin ruwa mai kyau lita ɗaya tana cin murabba'in mita 8 zuwa 10, don haka lita 10 ta isa, rabin babban bokiti. Mai araha ya fi haka ci. Kuma kada a ruɗe ka da cewa a shafa fentin mai a gindin bango don ya tare ruwa. Ba ya tarewa, kulle shi yake yi a ciki, rimar ta ƙara hawa sama ta fito a inda fentin man ya ƙare.

Kawu Birkila:
Haka ne. Ni ma ba zan ce a yi filastar ciki a wannan makon ba. A kankare dai. Da guduma da cizal a sauke duk filastar da ta mutu, a wuce iyakar rimar da kamar ƙafa ɗaya. Ana gane matacciya in an ƙwanƙwasa ta yi ƙarar holoƙo. A share gishirin da busasshen burushi, kada a wanke da ruwa, ruwa narkar da shi yake yi ya mayar da shi cikin bulo. Sai a bar bangon tsirara ya sha iska sati biyu ko fi.

Aikin Asabar da yamma da Lahadi da safe a wajen ɗakin yake. Je ka tsaya a bayan bangon gabas ka duba. Ƙasa ta taru ta fi daɓen ɗaki tudu? Ruwan rufi a gindin bango yake zuba? Akwai kwata ko wurin alwala ko famfo mai ɗiga a jikinsa? An jingina yashi ko itace ko tukwanen fulawa? Ɗaya daga cikin waɗannan shi ne mai laifin. A kwashe ƙasar har ta koma aƙalla inci shida ƙasa da daɓen ciki. Sannan a zuba daɓen siminti a gindin bangon, faɗin ƙafa biyu, kaurin inci uku, a karkata shi waje yadda in ka zuba ruwan buta zai gudu ba zai tsaya ba. Haɗinsa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, to buhu ɗaya zai ɗauki yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Ga bango mai tsawon ƙafa 12, a tanadi buhu biyu, ɗaya da kaɗan zai ci, saura a ajiye na filasta a kan katako, ba a ƙasa ba.

Filastar kanta in lokaci ya yi: siminti ɗaya, rairayi huɗu, wato buhu ɗaya kwano takwas, kaurin rabin inci. A tankaɗe rairayin, a guji mai laka. A jiƙa bulon kaɗan kafin a watsa, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin filasta ta tsattsage. A riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma kwana bakwai.

Injiniya:
Kawu, ina da ja a wuri ɗaya. In tun farko ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba, daɓen waje zai rage ne kawai, ba zai kashe rimar ba, musamman a unguwar da ruwan ƙasa ke kusa. Ya kamata a sa garin hana ruwa a cikin filastar bisa ma'aunin da ke jikin ledarsa. Kuma ya gwada tukuna: ya liƙa leda mai faɗin tafin hannu biyu a bangon, ya rufe gefunanta da tef, ya bar ta kwana biyu. In ruwa ya taru ta bayanta, daga cikin bango yake. In ta gaba ya taru, iskar ɗakin ce ke da laima, maganin kuwa buɗe taga da janye kabad daga jikin bango.

Kawu Birkila:
Ban ƙi ba Injiniya, garin yana taimako. Amma a fara da na waje. Filasta mai gari a kan bangon da ake zuba wa ruwa kullum tura rimar kawai za ta yi zuwa ɗakin maƙwabta.

Ɗan'uwa daga Damagaram:
Don masu karatu da gidansu na ƙasa ne, kada ku ɗauki wannan lissafin ku kai kan ginin tubali. Siminti da jar ƙasa ba sa riƙe juna. Filastar takan rabu da bango ta bar rata, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, ƙasa ta narke a ɓoye, gara ta samu hanya, rana ɗaya sai falle guda ya faɗo. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara kafin ruwa, da birji da aka kwaɓa da ciyawa aka bar shi ya ruɓa kwanaki, a bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Masu hali a da laso suke yi, katsin marina da gashin jima da dafara. A soro kuma abin dubawa na farko indararo ne: a zare ciyawa da sheƙar tsuntsu, a tabbata bakinsa ya fito ya zarce bango sosai, a cike tsagar da ke kewaye da wuyansa.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
To, an gama da laka, a dawo ga akwati, shi ne aikin Lahadi bayan azahar, lokacin da hannu ya huta kuma an wanke shi. Kada a taɓa kaset da hannun siminti.

A raba su kashi uku. Masu tsabta, masu fumfuna, da masu rauni, wato zare ya tsinke ko gida ya fashe. Ana leƙa fumfuna ta 'yar tagar tsakiya, za a ga farin ɗigo-ɗigo ko saƙa a gefen naɗin. Waɗannan a ware su nesa da sauran, a sa su a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin hana laima irin na cikin kwalin takalmi ko na magani, su yi sati ɗaya ko biyu. Fumfuna mai laima shafewa take yi ta manne, busasshiya kuwa kakkaɓewa take yi. Bayan ta bushe a kwance notuna biyar na gidan kaset, a waje, hanci a rufe, a share gefen naɗin da burushi mai laushi, a juya zaren a hankali da biro yana ratsa busasshen ƙyalle mara gashi.

Kowane kaset, kafin komai, a ɓalle 'yan harsunan nan biyu na samansa. Muddin suna nan, yaro ɗaya ya danna jan maɓalli, waƙa ta tafi.

Sai rakodar. Rakodar da ta shekara goma a ajiye ita ce ke cin kaset. Abu uku ake dubawa. Na ɗaya bel, robar da ke juya inji, takan saki ko ta narke ta zama baƙin danƙo, a sa sabuwa daidai girmanta. Na biyu 'yar tayar roba da ke matse zare a jikin sandar ƙarfe, in ta yi santsi ko ta ƙandare ita ce ke jan zare ta cukurkuɗa shi. Na uku hed, ɗan ƙarfen da zare ke gogawa a jikinsa ya karanto sauti. A goge hed da sandar da auduga a tsinke da sifirit, a yi ta canja audugar har ta daina fitowa ja. Tayar roba kuwa ɗan ruwa ya fi mata, sifirit yana busar da ita in ya yi yawa. A bari su bushe, a gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba sau biyu kafin a sa mai daraja. Kuma kowane tsohon kaset a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi baya sau ɗaya, don naɗin ya saki.

Malamin Hausa:
Baba, ka ƙara jaddada maganar bel, don a kiɗanmu ba ƙaramin abu ba ne. Kalangu da kotso magana suke yi, makaɗi yana matse tsirkiya ko ya danna fata don ya bi hawa da saukar harshe. In inji yana tafiya yana rawa, sai ka ji kalangun Shata yana lilo, amshi yana ja, abin da gangar ke faɗa ya dagule. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa siririn sauti ne, hed mai datti shi yake fara cinyewa, a bar ka da murya kamar daga cikin tulu.

Kuma kada a raina waɗanda aka ɗauka a gida. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Makaɗan nan ba sa maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu, kowane wasa da mutanen da aka ambata da baitin da aka ƙara. Abin da ke yawo a waya yanzu yawanci 'yan waƙoƙin da aka fi sani ne, an kwafa an sake kwafa. Kaset ɗin da wani ya ɗauka a bikin garinsu, ko ya ɗora rakoda gaban rediyo lokacin Zaɓi Sonka na Kaduna, da muryar mai gabatarwa da jerin gaisuwar masu kati, irinsa ne ba a samu a kasuwa. A gidaje da yawa da wannan sautin ake wanki da shara da guga ranar hutu, shi ya sa masu shekaru suke gane shi tun daga bugun farko.

Yaya Mai Kwamfuta:
Ga yadda ake juyewa. Kada a kara waya a bakin lasifika, za ta kwashi kukan awaki da ƙarar fanka. A samu waya mai kai biyu irin na abin saurare, ɗaya a ramin fitar sauti na rakoda, ɗaya a kwamfuta. Yawancin kwamfutocin hannu ramin makirufo kawai gare su, yana ƙara ƙarfi fiye da kima sauti ya fashe, don haka ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramin shigar layi ya fi. Manhajar ɗaukar sauti mai suna Audacity kyauta ce. A saita ingancin ɗaukarta a kan 44,100 da bit 16, a nemi wurin da kiɗa ya fi ƙarfi a daidaita murya yadda ma'auni zai tsaya wajen -6, kada ya taɓa ja. Abin da ya fashe wurin ɗauka ba ya gyaruwa.

In aka ji gurnani a ƙarƙashin waƙa, na wutar lantarki ne, janareta ya fi kawo shi. A cire cajar kwamfuta, rakoda kuma a sa mata sabon batir. Tsohon batir yana rage gudu, murya ta yi kauri.

Ba a gaggawa: kaset mai alamar C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45. Yinin Lahadi ɗaya kaset uku ko huɗu ne, ba akwati ba. A ajiye asali a tsarin fayil na WAV, minti ɗaya kusan megabait 10, C90 guda kusan 900. Daga shi a fitar da MP3 na saurare da rabawa. Wanda aka tura ta WhatsApp kada a ɗauke shi a matsayin ajiya. Asalin a sa shi wuri biyu, don katin memori yana mutuwa ba sallama.

Baba Mai Gyaran Rediyo:
In sauti ya fito a dushe bayan an goge hed, akwai ɗan noti mai sifirin a gefensa. Kaset na tafiya, a juya shi kaɗan-kaɗan da ƙaramar sukundireba, hagu ko dama, har a ji kaifin sauti ya buɗe. Kaset ɗin da masu kwafa na kasuwa suka yi kowanne da karkatar injin da ya ɗauke shi, don haka ana iya sake saiti ga kowane ɗaya. In bai buɗe ba a duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiyar bakin kaset, yakan faɗi, sai a liƙa wani daga mataccen kaset.

Zaren da ya tsinke kada a ƙulla shi. A yanke bakin biyu a karkace, a haɗa su baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a liƙa siririn tef ta bayan zaren, wato fuskar da ba ta taɓa hed, a datse gefe. In salatif aka samu kawai, a juye waƙar nan take, don danƙonsa yana tsattsafowa ya manne naɗin daga baya. C120 zarensa ya fi kowanne sirantaka, da biro ake juya shi, ba da inji ba.

Hajiya Inna:
Kuma ku zaunar da manyan gida lokacin da ake juyewa, da littafi da biro. Su ne za su ce wannan bikin wane ne, a wane gari, wace shekara, muryar wa ke guɗa. A rubuta a jikin kwalin, a sa lamba, a sa wa fayil ɗin lambar nan. A ɗauki hoton takardar cikin kwalin ma, rubutun hannun mai shi yana da masu so.

Yaya Mai Kwamfuta:
Haka ne Hajiya. Wani abu kuma, manhajar tana da wurin rage shuu ɗin kaset. A yi hattara da shi, in aka matsa yana cinye ƙarar shantu da tafi da kaifin ƙwarya. A yi shi a kan kwafi, asali a bar shi yadda ya fito.

Ɗan Autan Gida:
Allah ya saka da alheri. In an gama gyaran, akwatin zai iya komawa ɗakin?

Kawu Birkila:
Ba a wannan daminar ba. Ka bari ruwan Agusta ya gwada rufin da daɓen tukuna. Ka ja layi da fensir a iyakar rimar yau, ka rubuta kwanan wata, ka riƙa dubawa bayan kowane babban ruwa. In layin bai motsa sama ba har kaka, a yi filasta da fenti, sannan a kafa kanta a bangon yamma, sama da kafaɗa, a jera su a tsaye cikin kwalayensu.